Talatin da Biyar Cikin Arba'in

Tudun Wada, Zariya
8 ga Yuli, 2020

Ƙanwata Jumai,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Ebenezer da yara. In kin duba rubutun kin kasa gane mai shi, Yayarki ce Ishatu, malamar firamare mai ritaya, jikar Hassana. Kakata da kakarki Usaina tagwaye ne, don haka shekara bakwai ɗin nan da muka yi ba mu ga juna ba ba su isa su sauke ni daga wuyanki ba.

Mahaifiyarki, Mama Sophia, ita ta ce in ba Nagoda, direban da ke kai tattasai Abuja duk mako, tunda shi ke kai miki saƙonta. Kada ki ji tsoron takardar, kwana biyu za ta yi a rana kafin a ɗauke ta da leda. Kada kuma ki ce me ya hana ni kira. Kunnena ya yi nauyi, a waya sai na yi ihu, gidanmu kuwa na haya ne, in na yi tari ɗaki huɗu ke ce mini sannu.

Korona ce ta kama ni. Ta fara da zazzaɓi ranar 22 ga watan jiya, sai tari, sai na wayi gari na buɗe gwangwanin daddawa ban ji komai ba. Ma'aikatan lafiya suka zo har gida. Wadda ta zura mini tsinke mai auduga a hanci Surayya ce, yarinyar da na koyar a aji uku, na ce mata ashe ramuwa ta zo yi. Bayan kwana huɗu aka ce akwai, in killace kaina a ɗaki. Saratu, ƙanwar marigayi maigidana, ita ke ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Yau mako guda ke nan da zazzaɓi ya sake ni, tarin ma ya tafi, hancin ne dai har yanzu bai dawo aiki ba.

Ba ciwon ne ya sa na ɗauki biro ba. 'Yarki da ke aure a unguwar Kwangila, 'yar farin nan tawa da ba na kama sunanta, cikinta wata takwas. Haihuwar fari ce, gida ya kamata ta dawo ta haihu a gabana, in yi mata wankan jego kwana arba'in. Tun kafin azumi nake tara itace, na sa an liƙe babbar tukunya, na daka yaji. Akwai abin da ba ki sani ba: lokacin da na haife ta, Innata ta riga ta rasu. Wata maƙwabciya ce ta tausaya ta yi mini wanka, kwana tara ta gaji ta bari, sauran ni na riƙa jan tukunya da kaina ina kuka. Tun a lokacin na ƙudurta cewa in Allah ya bar ni da rai, 'yata ba za ta ja tukunya ba.

To ga shi mijinta, Malam Salisu, ya ce ba zai kawo ta ba sai ya ga takardar da ta ce babu. Ban ga laifinsa ba, cutar nan ce ta ɗauke mahaifinsa Alhaji Gwadabe cikin azumi. Amma zuciyata ba ta zauna ba.

Mama ta ce gwajin nan shi ne aikinki. Ki faɗa mini, don Allah, me na'urarku take gani a cikin ɗigon majina, kuma yaushe za ta daina ganinsa?

Yayarki,
Ishatu

Abuja
13 ga Yuli, 2020

Yaya Ishatu,

Sannu da jiki, sannu. Ubangiji ya ƙara sauƙi, ya tashi kafaɗunki. Mu duk lafiya muke, Ebenezer yana gaishe ki sosai. Har da wani "jikar Hassana", kamar ban ci ƙosan tsohuwar nan ba duk ranar Kirsimeti! Tun daga ambulan na gane hannunki, kuma na ji kunya, don ni ce ƙarama, ni ya kamata in nema.

Tunda ke ba ki kama suna, ni zan kama: Bahijja. Bahijjar da na goya ita ce za ta haihu! Sai da na karanta wurin sau biyu.

Ga amsar tambayarki, ki gyara mini in na kauce, ke ce malama. Kowace halitta tana ɗauke da rubutunta a cikinta, mutum da gero da ƙwayar cuta duka. Haruffa huɗu ne kacal, jerinsu ne yake bambanta. Da wannan cuta ta ɓullo, masana suka karance rubutunta daga farko har ƙarshe, suka zaɓi 'yan layukan da babu irinsu a sauran ƙwayoyin mura. Su muke nema a gwajin da muke kira PCR.

Abin da tsinke yake kwasowa ya yi ƙanƙanta, ido ba ya gani, madubin likita ma ba ya gani. Sai mu tace rubutun daga majinar, mu zuba a 'yar kwalba tare da sinadarai, mu sa a na'ura. Ita kuma ta yi ta zafafa shi tana sanyaya shi. Duk zagaye ɗaya, in layin da muke nema yana nan, sai ya ninku: ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas. Kamar ki sa yaro ɗaya ya kwafe layi ya ba na kusa da shi, su biyun su kwafe su ba wasu biyu, har aji ya cika. Kowane kwafi yana ba da ɗan haske. In hasken ya taru har na'ura ta gani, akwai. In ta yi zagaye arba'in shiru, babu.

Haka muke wuni, Yaya, cikin riga mai rufe mutum ruf, gumi har cikin takalmi, waya tana kulle a akwati. Wata rana kwalba ɗari uku. Ba mu ganin fuska, lamba kawai muke gani. Tun da na karanta takardarki nake kallon kowace kwalba ina cewa wannan ma wata ce mai tara itace.

In an sake miki gwaji, akwai wata lamba da na'ura ke fitarwa cikin arba'in ɗin nan, ba a rubuta ta a takardar sakamako. Ki matsa wa Surayya ta tambayo miki ita, ki rubuto mini. Nagoda yana ta danna hon a waje, tattasan mutane ne ya sauke yana sauri, sauran bayanin sai a ta gaba.

Abu ɗaya kafin in rufe: ranar wanka kada ruwan ya zama na fige kaza, kuma ki rage kanwa a kunu, tana wahalar da zuciyar mai jego. Na san za ki ce 'yan boko sun fara.

Ƙanwarki,
Jumai

Tudun Wada
21 ga Yuli, 2020

Jumai,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Takardarki ta zo, na gode, bayaninki ya shiga. Da a ajina kike da na sa an tafa miki.

An sake gwajin ranar 14. Akwai.

Ni da nake share ɗakina, nake wanki, nake cin tuwo malmala biyu, wai akwai. Na tsare Surayya ta taga sai da ta kira ɗakin gwajin ta samo mini lambar. Talatin da biyar, Jumai. Talatin da biyar cikin arba'in. Shekara talatin na yi ina duba takardun yara, ba sai an fassara mini wannan ba, makin na ɗaya ne a aji. Biyar kawai ya rage cutar ta cinye duka. Ashe lafiyar da nake ji ta baki ce, ciki a cike yake.

Shekaranjiya Malam Salisu ya zo gaishe ni. Ya tsaya can ƙetaren kwata da takunkuminsa, ni ina taga. Na faɗa masa. Sai ya ce, "Inna, wallahi ba ƙi nake ba. Na ga yadda Baba ya yi ta neman numfashi, ba zan iya sake gani ba." Ya ce in lokaci ya ƙure, gwaggonsa ta Tudun Jukun za ta yi wankan. Na ce Allah ya saka mata da alheri, na rufe taga.

'Yarki ta kira tana kuka. Na yi mata tsawa na ce mai ciki ba ta kuka, ɗaki huɗu suna ji.

Saratu ta ce tunda a hanci ake nemo abin, a hanci za a kore shi. Wai in yi sirace da ganyen darbejiya da lemun tsami, ranar gwaji kuma in yi ta shaƙa ruwan gishiri har hancin ya fita fes, tsinke ya shiga ya fito hannu wofi. Na ce mata ta bar wannan magana. Amma kin san mutum in yana zaune shi kaɗai da bango huɗu.

Ruwan jiya ya jiƙa mini rabin itacen, ban ma ce a rufe ba. Ki ba ni amsa da wuri, ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Ishatu

Tudun Wada
3 ga Agusta, 2020

Jumai,

Ina gaisuwa. Kwana goma sha uku ba amsa. Saratu ta ba yaran motar Nagoda takardata tun ranar da na rubuta, don haka na san ta isa. Ranar Sallah kin kira kin yi mini barka, Saratu na tsaye a ƙofa, na ce lafiya lau, ke ma ba ki ce uffan kan lambar ba. Na gane. Abin ya yi munin da bakinki ya kasa faɗa.

To ni ga nawa bakin. Na yi abin da Saratu ta ce. Kwana uku ina sirace, na lulluɓa da bargo a kan tukunya har fuskata ta yi ja. Safiyar 27 ga wata na shaƙa ruwan gishiri sau bakwai, hawaye na zuba, sannan na zauna kamar mutuniyar kirki Surayya ta zura tsinkenta. Har tana ce mini, "Malama, yau ko motsi ba ki yi ba."

Jajibirin Sallah sakamako ya fito. Babu.

Na riƙe takardar na yi hamdala, na kira Saratu in ba ta ta kai Kwangila. Kafin ta gama neman mayafi sai na tuna wani yaro da na taɓa kamawa da amsa a rubuce a cinyarsa. Na tsayar da shi gaban aji na ce masa takarda za ta ce ya sani, amma kansa ya san bai sani ba. Yau ga ni da amsa a cinya. Takarda ta ce babu, talatin da biyar kuwa tana nan zaune a ƙirjina. In yarinyar nan ta zo, na durƙusa a kanta safe da yamma ina numfashi cikin tururi, na ɗauki jinjiri ɗan kwana ɗaya na kai fuskata, wa na yaudara?

Malam Salisu ya zo yawon Sallah da cinyar rago, da murnarsa, don Surayya ta riga ta yi masa albishir a hanya. Ya ce jibi zai kawo ta. Na ce masa, "Malam, kada ka kawo ta. Takardar nan satar amsa ce." Na faɗa masa komai ta taga, ban rage murya ba, wanda zai ji ya ji. Ya ajiye naman ya tafi yana share ido.

Saratu ta daina yi mini magana, ta ce ba ta taɓa ganin mai rufe wa kanta ƙofa irina ba. Na ce ta kai tukunya da yajin Tudun Jukun, gwaggon ta fara shiri. Itacen in ya bushe a bi da shi.

Ban rubuto don ki lallashe ni ba. Ina so ne wani nawa ya san cewa na so, kuma na kusa.

Ishatu

Abuja
8 ga Agusta, 2020

Yaya! Yaya Ishatu!

Gaisuwar ma a tsaye zan yi ta, muna lafiya. Yau da rana takardunki biyu suka iso hannuna tare. Giyar motar Nagoda ce ta lalace, mako biyu tana gareji da takardarki a aljihun gaba, sai kuma Sallah ta zo. Ranar da na kira ki ban san da wata lamba ba, kika ce lafiya lau, na yarda. A bakin kasuwa na karanta su, ina kuka ina dariya, masu tattasai suna kallona.

Laifina ne. Na ba malama lamba cikin arba'in ban gaya mata ta wane gefe ake karanta ta ba. Yaya, ba maki ba ne. Lambar tana nufin zagaye nawa na'ura ta yi kafin ta ga haske. Mai cuta cike da hanci, tun a zagaye na goma sha biyar ko ashirin haske ke tashi, don abin da yawa aka fara. Ke kuwa sai da ta ninka, ta ninka, har sau talatin da biyar, ta kusa haƙura, sannan ta ga ɗan abin da ya rage. A ajinmu talatin da biyar na kusa da na ƙarshe ne. Cutar ce ta faɗi jarrabawa.

Kuma ɗan abin da ta gani ɗin, na'ura ba ta iya bambance mai rai da matacce, rubutu kawai take karantawa. Jikinki ya riga ya kashe ƙwayar, guntayen rubutunta ne suka saura, kamar toka a murhu bayan wuta ta mutu. Wasu sai su yi makonni ana ganin tokar. Shi ya sa aka canja ƙa'ida, yanzu kwana ake ƙirgawa: goma daga fara ciwo, da uku ba zazzaɓi ba tari. Ke yau kwananki arba'in da bakwai. Rashin jin ƙamshi kuma yakan daɗe, ba ya nufin kina yaɗa komai.

Sai maganar satar amsa. Ba zan ɓoye miki ba, wanke hanci yana iya rage abin da tsinke zai kwaso, shi ya sa ba mu so a yi, kada ki sake. Amma a kowace kwalba muna neman wani layi na daban, na ɗan Adam, don mu tabbata tsinken ya taɓo mutum. In ya fito hannu wofi kamar yadda Saratu ta so, na'ura ba ta cewa babu, cewa take a sake. Taki ta ce babu. Ke nan ta gan ki, ta nemi cutar har zagaye arba'in ba ta gan ta ba. Kin sha gishiri a banza, Yaya. Ko satar amsar ba ki iya ba.

Na so in kira ki in yi ta ihu, sai na tuna ɗaki huɗu. Na kira Mama, ta ce gobe daga coci za ta biyo ta tagarki. Ta samo mini lambar wayar Malam Salisu, ni da kaina zan yi masa bayani, in ya so in haɗa shi da likitanmu. Wanda ya ga abin da ya gani, hakkinsa ne a yi masa dalla-dalla. Wannan takarda ta tasha zan aiko ta, ba zan jira tattasai ba.

Abin da kika faɗa ta taga, ban san mutum biyu da za su iya faɗarsa ba. Ina alfahari da jinin tagwayen nan. Ki sa a rufe itace.

Taki,
Jumai

Tudun Wada
23 ga Agusta, 2020

Ƙanwata Jumai,

Sallama, da gaisuwa ga Ebenezer da yara. Ki yi haƙuri da rubutun, a cinya nake yi, hannu ɗaya kuma ba nawa ba ne yanzu.

Mama ta zo ranar Lahadin da kayan cocinta, ba ta tsaya a taga ba, ta tura ƙofa ta shigo ta zauna a bakin gadona. Mutum na farko ke nan da ya shigo ɗakin cikin mako bakwai. Washegari takardarki ta iso, na karanta, na ɗauki jan biro na ba kaina sifili.

A ranar da la'asar keke ya tsaya a ƙofar gida. Malam Salisu ya fito da akwati, 'yarki na biye tana tafiya da ƙyar. Ya ce awa guda kika riƙe shi a waya, har zane ya yi a takarda. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ba bayanin kaɗai ya kawo ni ba. Wadda ta mayar da takardar da ta ce babu, in ta ce mini ta warke, na yarda." Na ce ya tashi, ni ba na son surutu, na shige ɗaki don kada ya ga fuskata.

Saratu ce ta je Tudun Jukun karɓo tukunya. Ta ce gwaggon ta miƙo ta da fuska kamar an ƙwace mata kujerar Makka, amma ranar suna ita ta fi kowa rawar kai.

Ranar Juma'a 14 ga wata, da hantsi, a asibiti, 'yarki ta sauka lafiya. Mace. Shekaranjiya aka raɗa mata Sakina, mutum kaɗan, kowa da takunkumi. Uban ya ce tunda ranar ma ta zaɓa, Jumai za a riƙa kiranta. Kin yi takwara, sai ki fara tanadin atamfa.

Ruwan ba na fige kaza ba ne, ina gwadawa da gwiwar hannu. Kanwa na rage, Saratu tana ta mita wai kunun ya zama na 'yan boko.

Ga wani labari. Ranar Laraba ina riƙe da takwararki bayan wanka, sai na ji wani abu ya bugi hancina. Na duba murhu, na duba kwata, ashe mutuniyar ce ta ɓata zani. Wata biyu ban ji ƙamshin komai ba, ga turare ga miya, amma da wannan aka buɗe mini. Na yi ta dariya har uwar ta tsorata. Da na gyara ta sai na sa hancina a tsakiyar kanta, na daɗe a haka, ban san hawaye na zuba ba sai da ya jiƙa mata gashi.

Ki zo in aikin ya yi sauƙi, kada mu sake shekara bakwai. Ki gai da masu rigar nan da kuke wuni tare, ki ce wata kwalba daga Tudun Wada ta gode.

Yau kwana tara da fara wanka. A nan maƙwabciyar nan ta tsaya da ni. Ɗazu 'yarki ta miƙa hannu za ta taya ni sauke tukunya, na buge hannun na ce ta koma ta zauna. Itacen gobe na riga na shigo da shi.

Yayarki,
Ishatu